Tambayar Shafin Baya

Ku 'yan yanzu kuna ba ni dariya, wani lokaci kuma ku ba ni haushi. Kwanan baya wani matashin malami ya same ni a ƙofar gida ina shan iska, ya ga tsofaffin kofen mujallarmu a kan tabarma. Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci busasshen kifi, ya ce, "Baba, wai wannan ce kuka yi shekara da shekaru kuna wahala a kanta? Ai ni kafin shayina ya huce na tura wa malamai tambaya a waya, kowa ya gani." Na ce masa tura tambaya ba wuya, ko akuya ta taka waya za ta tura. Ya yi dariya ya hau babur ɗinsa. Abin da bai tsaya ya ji ba shi zan gaya muku: wahalar wannan sana'a ba a tambaya take ba, a jiran amsa take.

Ni Haruna ne, malamin lissafi. A nan Haɗejiya na fara riƙe alli, a nan kuma na ajiye shi. Mujallar da yaron nan ya raina sunanta Igiya da Alli, ni da Malam Bukar muka kafa ta domin malaman lissafi na ƙauyukan fadamar nan. Ba zan iya ba ku labarinta ba sai na fara da shi, don a hannunsa na koyi aikin.

Aikin farko da ya ba ni ba ruwansa da lamba ko ɗaya. Na zo makaranta da takardar shaida a aljihu, riga ta sha guga, ina jin kaina, sai ya miƙo mini tsofaffin batiran tocila da dutse ya ce in farfasa. Baƙin garin da ke cikinsu ake kwaɓawa da ruwan ƙaro a shafe allo da shi, a bar shi ya sha iska. In ƙaron ya yi yawa allo ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. In ya yi kaɗan, duk wanda ya jingina da allon ya tafi gida da baƙin baya. Ranar na koma gida kamar wanda ya wuni a maƙera. Washegari ya koya mini igiya. Kamfas ɗin katako na makarantar ya karye tun kafin zuwana, saboda haka sai a ɗaure alli a bakin igiya, a danne ɗaya bakin da babban yatsa a jikin allo, a juya hannu gaba ɗaya daga kafaɗa. Da'irar Malam Bukar tana haɗuwa cif, ba ka gane inda ya fara. Tawa ta daɗe tana fitowa kamar ƙwan zabo.

Darasina na farko a gabansa, faɗin alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, na koyar. Na rubuta wa yara rabin gindi sau tsayi, na ba su misalai, suka amsa daidai, na fara murmushi. Sai na ji murya daga bencin baya, inda ya zauna da hularsa a gwiwa.

"To, Malam, me ya sa?"

Na ce, "Me ya sa me, ranka ya daɗe?"

"Me ya sa rabi? Me ya hana kashi ɗaya cikin uku? Ko gwamnati ce ta ce?"

Yara suka kwashe da dariya. Na san ƙa'idar kamar sunana, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ta fito ba. Ya taso ya yagi takarda mai kusurwa huɗu, ya ninke ta daga lungu zuwa lungu, ya raba, ya ɗora ɓari ɗaya a kan ɗaya suka dace. Bai ƙara ko kalma ba. Daga baya na gane haka yake yi wa kowa. Ban taɓa jin ya ce wa mutum "daidai ne" ba. In ka kuskure sai ya yi shiru yana sosa gemu. In ka dace, sai ya ce, "To, me ya sa?" Duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya san wannan tambayar ita ce yabonsa.

Shi Babarbare ne, iyayensa daga gabas suka zo, ni kuma kakannina da sanda suka shigo garin nan bayan shanu. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Bai taɓa kiran sunana ba sai "Ɗan Fulani", yana cewa mutumin da kakansa bai yarda a ƙirga masa shanu ba, ina shi ina lissafi. Ni kuma in ce masa Babarbare bai san lamba ba sai in kanwa ake aunawa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan nan ya ba ni bakin da zan yi masa gardama, kuma da gardamar muka yi aiki.

Mujallar daga zaurensa ta fito. Duk ranar kasuwa malaman ƙauye sukan shigo gari, su sayi gishiri da kananzir, sannan su biyo ta wurinsa. A lokacin, kuma har yanzu ban ga ya canja ba, in babu malamin lissafi a makaranta sai hedimasta ya duba wanda ya fi kowa sabunta ya ɗora masa. Mutum ya karanta tarihi ko Larabci, a wayi gari an ce ya koyar da kusurwa. Za su zauna a zaure ana ta hira, ba mai son ya fara, sai can wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, wani abokin aikina ne ya ce in tambayar masa yadda ake raba ɓangare da ɓangare." Malam Bukar ya share ƙasa da tafin hannu ya ce, "To, matso ka gani, don ka kai wa abokin naka." Sai ka ga kowa ya matso, ashe duk abokin nan nasu ne.

Ni na ce masa wata rana, "Malam, waɗanda ruwa ya raba da gari fa? Waɗanda kunya ta hana zuwa fa? Me zai hana mu rubuta abin nan mu aika musu?" Ya ce Ɗan Fulani ya fara hankali. A ɗakin ajiyar makaranta akwai tsohon injin buga jarrabawa, irin wanda ake juyawa da hannu. Muka roƙi hedimasta, ya ce in mun iya tashinsa mu yi ta bugawa.

Bari in gaya muku yadda ake buga shafi ɗaya, ku da kuke cewa ba wuya. Akwai wata takarda mai kaki a jiki, sitensil muke ce mata. Sai a cire ƙyallen tawada na tafireta, don haruffan ƙarfe su huda kakin kai tsaye, ta hudar nan tawada za ta bi ta sauka a kan farar takarda. Bugun tafireta aikina ne. Abokin gabana kuwa sifiri. In ka buge shi da ƙarfi cikinsa ya zube, ya fito a takarda baƙin ɗigo kamar kashin akuya. In ka buge shi a hankali bai fito ba sam, goma ta koma ɗaya. Lissafi kuma cike yake da sifiri. In an yi kuskure akwai wani jan ruwa mai warin jan farce da ake shafawa, a hura da baki ya bushe, a sake bugawa a kai. Da bazara kakin narkewa yake, sai mun ɓoye sitensil a gindin randa. Da damina takardu su sha danshi su manne, injin ya riƙa haɗiyarsu biyu-biyu.

Tafireta ba ta da alamomin lissafi, ba ta zane. Saboda haka nakan bar gurabe, shi kuma ya ɗora sitensil a kan gilashi a bakin taga, ya bi da tsinken ƙarfe yana yanka kowace alama da kowane layi da hannu. In ya danna da yawa ta yage, aikin yini ya tafi. Yana riƙe numfashi in zai ja dogon layi, ni ma sai in tsinci kaina na riƙe nawa. In mun gama, mu ɗinke da zare da basilla, mu kai tasha. Na wajen Kafin Hausa 'yan tireda ke tafiya da su, na Jahun direbobi, na cikin fadama kuwa a leda muke ƙulle su, su bi motar kifi zuwa bakin ruwa, daga nan kwalekwale. Wani malami ya taɓa ce mini yana gane sabuwar mujalla ta iso tun kafin ya gan ta, saboda ƙarni.

Cikin mujallar ni ke rubutawa: yadda za a koyar da kaso da 'ya'yan goruba, yadda za a auna tsayin bishiya da inuwarta, da irin waɗannan. Shafin baya kuwa na Malam Bukar ne shi kaɗai. Tambaya ɗaya yake sawa, da zanenta, kuma ya kafa mata doka tun fitowar farko: ba za a buga amsa ba sai wani mai karatu ya kawo ta, da zane da dalili. Wanda ya fara kawowa, sunansa da na makarantarsa za su hau shafin. In ba wanda ya kawo, tambayar ta sake fitowa yadda take.

Mun sha yin faɗa a kan dokar nan. Akwai tambayar da ta maimaita kanta har na gaji da ganinta, na ce masa mu buga amsa mu huta, mutane sun kasa. Ya ce, "Ɗan Fulani, in ka ba mutum amsar da bai nema ba, ka ƙwace masa tambayarsa. Ban da haka, mu muna nan muna jefa takardu a mota, mun san inda suke sauka? Wataƙila ƙosai ake naɗewa da su. Amsar nan ita kaɗai ke nuna mana akwai mutum a wancan bakin." Ban sake tayar da maganar ba. Ranar kasuwa in na dawo daga tasha da takardun amsa a aljihu, tun daga nesa zai tambaye ni, "An zo?" In na ce an zo, sai ya gyara zama kamar an kawo masa tuwo.

A cikin masu amsawa ba wadda ta kai Malama Rakiya naci. Hausa ta karanta, aure ya kai ta wani ƙauye bayan Kirikasamma, aka ɗora mata lissafi don ita ce sabuwa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa zauren, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi, kunya ta hana ta tambayar abin da ya kawo ta. Amma tun daga ranar ba tambayar da ta fita ba ta amsa ba. Sunanta kuwa bai taɓa hawa shafin baya ba. Ko dai ta kuskure, ko ta dace da amsa babu dalili, ko wani ya riga ta. Malam Bukar yakan mayar mata da takardarta da jan biro, ba ya gyara mata, sai dai ya ja layi a inda ta zame ya rubuta, "Sake duba nan." Da wani ne da tuni ya yi fushi. Ita sai ta sake aikowa. Yana kiranta abokiyar gardamarsa, kuma ya sha ce mini kuskurenta ya fi amsar wasu daɗi, don kana ganin inda ta yi tunani.

Haka muka yi ta yi har na yi furfura. Injin ya mutu, muka koma shagon masu kwamfuta, amma zanen shafin baya bai yarda na'ura ta yi masa ba, da hannunsa yake yi a ɗauki hotonsa. Sai waya ta zo. Ba na zaginta, ni ma ina da ita. Amma malami ya gane in ya ɗauki hoton tambaya ya tura, kafin ya sauke hannu wani ya turo masa amsa, ba zane ba dalili. Masu zuwa zaure suka ragu. Takardun da nake dawowa da su daga tasha suka ragu, har ya zama aljihu ɗaya ya ishe su, daga baya ma ba sa cika shi. In wani ya buga waya ya ce ya gano amsa, Malam Bukar ya ce masa lissafi ba a faɗarsa, nuna shi ake yi, ya zana ya aiko. Yawancinsu ba sa aikowa.

Tambayarsa ta ƙarshe a farkon damina ya zana ta, hannu ya fara rawa, sai da ya sake zanen. Ga ta, ku ma ku gwada. Wa da ƙane suna da gonaki a jere, hanya ta arewa, miƙaƙƙen bakin rafi ta kudu. Iyakar da ta raba su ta taso daga wata tsamiya a bakin hanya, ta zo kan wani suri a tsakiya, ta karya, sannan ta sauka kan turke a bakin rafi. Suna so su miƙar da ita ta zama layi ɗaya daga tsamiyar, ba tare da ɗayansu ya rasa ko taku ɗaya na ƙasa ba. Ba su da komai sai igiya da turaku. Ina za su kafa sabon turke? Na ce masa wannan ai da sauƙi. Ya ce da gangan ya yi, yana so ya ga ko da sauran mai ɗaga hannu.

Shekarar ce ruwa ya zo. Kun gan shi da idonku, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Kogi ya cika ya tumbatsa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ya saba bi, sai ya nemi nasa. Shinkafa ta nutse tana tsaye, gero ya ruɓe a karansa. Gari gaba ɗaya ya koma bakin jinga, yaro da babba, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Makarantun ƙauye wasu suka rushe, wasu mutanen da gidajensu suka zube suka tare a cikin azuzuwa. Mun samu mun tura mujallar kafin hanyoyi su yanke, amma ba mu san wadda ta isa da wadda ta jiƙe a hanya ba.

Malam Bukar ba shi da ƙarfin ɗaukar buhu. Sai ya samo gora ya yi mata tsaga-tsaga, ya kafa a bakin jingar unguwarsu, kullum da safe ya je ya duba inda ruwa ya kai ya gaya wa matasa inda za su ƙara tsayi. Yana tsayawa cikin sanyin ruwa har gwiwa, matarsa Hajiya Falmata ta yi magana har ta gaji. Jingar ta riƙe, shi ne bai riƙe ba. Tari ya kama shi, ya sauka a ƙirji, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ya kwanta a ɗakinsa na kusa da zaure bai sake fita ba.

Duk ranar kasuwa ina zuwa tasha, ko da yake motocin fadama ba sa shigowa. In tambayi wannan in tambayi wancan, in dawo hannu rabbana. Da na yi sallama zai ɗago kai daga matashi.

"An zo?"

"Ba a zo ba, Malam. Hanya ce."

"Hanya ce," ya maimaita, ya mayar da kai.

Da ruwa ya fara ja, hanyar Kafin Hausa ta buɗe, ta Jahun ma ana bi, amma amsa ko ɗaya ba ta zo ba. Daga nan ya daina yarda da maganar hanya. Wata rana ya ce mini, "Ɗan Fulani, anya ba mu daɗe muna magana mu kaɗai ba? Ko Rakiya ta gaji da mu." Na ce masa mutanen da ba su da rufin kwana ba za su zauna miƙar da iyakar gonar da ba tasu ba. Ya ce haka ne. Amma na ga abin ya zauna masa a rai, mutumin da ya ba da rayuwarsa ga aiki yana shakkar ko aikin ya isa wurin kowa.

Hajiya Falmata ta tare ni a soro ranar da jikin ya yi tsanani. Ta ce, "Malam Haruna, don girman Allah, kai ka san amsar nan. Ka rubuta ka sa sunan wani malamin ƙauye ka kawo masa. Mutumin nan abinci ba ya ci, maganarsa kenan. Wa zai sani?" Ashe yana jin mu ta taga. Ya kira ni, muryar da ƙyar take fita, amma sai da ya yi wasan.

"Ɗan Fulani, kada ka kuskura ka kawo mini amsar da ka rubuta da hannun hagu. Ni na koya maka jan layi. Ko da ƙafa ka zana zan gane ka."

Na ce, "Babarbare ko a kwance sai ya yi mulki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "In ba a kawo ba, a sake buga ta yadda take. Dokar ba ta mutu don ni na mutu ba."

Ba a kai wata kasuwar ba rai ya yi halinsa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifina, ba don mutuwar kaɗai ba, kowa zai tafi. Abin da ya tsaya mini shi ne ya tafi yana zaton babu kowa a wancan bakin.

Ranar sadakar uku, an yi addu'a an fara watsewa, muna zaune a tabarmi a ƙofar gidan, sai ga babur ya tsaya, taɓo har kan tankinsa. Wani mutum ne da matarsa a baya. Matar ta sauko da fara'arta, ta gyara hijabi, sai ta ga tabarmi, ta ga butoci, ta ga fuskokinmu. Fara'ar ta ɗauke. Ban gane ta ba sai da mijin ya gaishe mu ya ce daga bayan Kirikasamma suke, iyalinsa ce ta matsa sai ya kawo ta wurin Malam Bukar, yau ne karon farko da babur ya iya ƙetarowa.

Ta shiga ciki wurin mata, muka ji kuka ya sake tashi. Can aka aiko ana kirana soro. Na same ta a durƙushe, Hajiya Falmata na tsaye a bakin ƙofar cikin gida.

Ta ce, "Malam, ni ce Rakiya. Na gano amsar tun ruwa bai ja ba. A kan tudu muke karatu da yara a gindin bishiya, ajinmu mutane ne a ciki. Da igiyar shanya muka gwada, muka sake gwadawa. Masu kwalekwale suna zuwa, da na ba su sun kawo. Amma na ce wannan karon ba zan aika ba." Ta ƙara da cewa, "Shekara da shekaru yana ce mini in sake dubawa. Na so in ga fuskarsa."

Ban gaya mata yadda ya jira ba. Hajiya ma ba ta gaya mata ba, Allah ya saka mata da alheri. Na share ƙasar soron da tafin hannu, yadda yake yi, na ce ta nuna mini.

Ta ɗauki tsinke. Ta ja hanya, ta ja bakin rafi, ta sa tsamiya da suri da turke. Ta ce, "Sai a ja igiya daga tsamiya zuwa tsohon turke. A auna tazarar da ke tsakanin igiyar da surin. Daga surin a ja wata igiyar da za ta bi ta farko kafaɗa da kafaɗa, tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, har ta taɓa bakin rafi. Nan za a kafa sabon turke. Daga tsamiya zuwa nan, ita ce sabuwar iyaka."

Layukanta a miƙe suke. Ta ajiye tsinken ta ɗago kai. Na buɗe baki zan ce mata daidai ne, sai na ga irin kallon da take yi mini. Ba wannan ta ƙetaro ruwa ta ji ba. Duk mai karanta mujallar nan ya san abin da ake ce wa wanda ya dace.

Na ce, "To, Malama, me ya sa?"

Ta ja hijabi ta rufe fuska. Hajiya Falmata ta juya mana baya ta dafa bango. Sannan Malama Rakiya ta share ido, ta sake ɗaukar tsinken, ta nuna alwatika ta farko, tsamiya da tsohon turke da suri, ta nuna ta biyu, tsamiya da tsohon turke da sabon turke. Ta ce gindinsu ɗaya ne, tsayinsu ɗaya ne, saboda haka faɗinsu ɗaya ne, abin da wa ya bayar ta sama shi ya karɓa ta ƙasa. Rabin gindi sau tsayi. Darasin da Malam Bukar ya tsayar da ni a kansa ranar da na fara koyarwa a gabansa.

Na buga fitowa ɗaya bayan wannan, ita ce ta ƙarshe. Zanenta na sa, da sunanta da na makarantarta, a shafin baya. Ƙasan shafin, inda sabuwar tambaya take zama, na bar shi fari, don wurin ba nawa ba ne. Kofen da yaron nan ya ɗaga da yatsu biyu, shi ne wannan. Ya juya shafin baya ya ga farin, ya ce mini, "Baba, nan tawada ce ta ƙare muku?"

Na ce masa a'a, tawada ba ta ƙare ba.